Amsa: Mu kama rumfa ko mu je kallo tukuna?

Ɗan'uwa, ka ce kamfaninku na shirya taruka ƙarami ne, ko ya dace ku kama rumfa a babban baje koli irin IMEX, na masu harkar shirya taruka, da ake yi a Frankfurt ta Jamus? Ni dai a ganina, bana ku je kallo, baɗi ku kama.

Kuɗin fili somin taɓi ne. Ga gina rumfa, ga wutar lantarki, ga jigilar kaya da masauki. Sannan manyan masu saye da jadawalinsu suke zuwa, sun tsara waɗanda za su gani tun kafin a buɗe. Na taɓa kamawa ban nemi ganawa da kowa ba, kwana uku ina ta miƙa wa masu wucewa takarda. In lallai sai bana, ku haɗa rumfa da wani kamfanin.