Tambayi Likita: Ya bar giya, amma har yanzu yana tangaɗi

Tambaya: Ƙanena yana da ciwon ƙwaƙwalwa da ake kira sikizofiriniya. Zan iya ɗauka idan muna cin abinci tare? (Daga Ƙofar Soro, Katsina)

Amsa: A'a, ba a ɗauka. Ku ci tare, ka ja shi a jiki.

Tambaya: Maganin wannan ciwon yana sa mijina barci da rana. In rage masa? (Daga Ƙofar Marusa)

Amsa: Kada ki taɓa. Ki gaya wa likitansa, wataƙila a mayar da shan zuwa dare.

Tambaya: Ɗana mai wannan ciwon ya sha giya shekara takwas yana Legas. Ya tuba shekara uku ke nan, amma yana tangaɗi, yana mantuwa, ƙafafunsa na zafi kamar barkono. Maƙwabta sun ce ko yana sha a ɓoye, ko aljanun ba su fita ba, mu kai shi gidan mari. (Wata uwa daga Daura)

Amsa: Hajiya, don Allah kada ki kai shi. Giyar da aka daɗe ana sha tana barin tabo ko an daina. Tana cin ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ƙeya, wadda ke daidaita tafiya, shi ya sa yake tangaɗi ba tare da ya sha komai ba. Tana kuma hana jiki samun bitamin B1, rashinsa kan taɓa tunani da jijiyoyin ƙafa. Dama ciwon nasa yana raunana tunani, sai giyar ta ƙara. Wasu magungunan ciwon nasa ma, irin su haloperidol, suna kawo rawar hannu da ƙagewar jiki. Likita ne kaɗai zai bambance wanne ne wanne, da gwajin tafiya da na jini.

Maganar mari kuwa tana ɓata min rai. A 2019 'yan sanda sun fito da mutane daga irin waɗannan gidaje a nan Daura da Katsina, da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya. Ƙafar da jijiyarta ta lalace, a ɗaure ta da ƙarfe? Gyambo za ta yi.

Addu'a ki ci gaba da yi, maganin ma kada ya yanke. Ki yawaita masa wake da gyaɗa. Wasu alamun kan lafa sannu a hankali, wasu sai dai a hana su ƙaruwa. Ki kai shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina cikin makon nan, ki faɗi tarihin giyar ba kunya. In kuma ya ruɗe farat ɗaya, ko idonsa na rawa, kada a jira gari ya waye.