Amsar Kawu Kan Ajiye Kare a Gidan da Ke da Ƙananan Yara

Assalamu alaikum, ɗana.

Saƙonka ya iso ni tun makon jiya, kuma da gangan na jinkirta amsa, domin tambayar da ka yi ba irin wadda ake amsawa a tsaitsaye ba ce. Ka ce ka karɓo ɗan kwikwiyo saboda gadi, tun da gidan da kuka koma yana gefe kuma aiki yana yawan hana ka kwana a gida. Ka ce 'yarka mai shekara 5 da ƙanenta mai shekara 2 sun ɗauki son duniya sun ɗora masa, har suna kuka a bar shi ya kwana a ɗakinsu, ga kuma jaririn da ya kusa fara rarrafe. Sannan mahaifiyarka ta ji labari, ta ce ba a yin haka a zuriyarmu, kuma ba za ta ƙara shan ruwa a gidanka ba. Kana so ka ji daga bakina ko al'ada da addini ne suka hana, ko kuwa ƙyama ce kawai.

Mahaifiyarka ƙanwata ce, ciki ɗaya, saboda haka ina da damar in ce ta faɗi rabin gaskiya ta bar rabi. A gidan da muka tashi ni da ita akwai kare, kuma na san ba ta manta ba, domin ita ce take ɓoye masa ƙashi a gefen zaninta. Abin da kakanka bai taɓa yarda da shi ba shi ne karen ya ƙetare ƙofar ɗaki, ko ya sa baki a kwanon da mutum zai ci abinci, ko ya hau shimfiɗar da ake salla a kanta. Yana da kaskonsa, yana da inuwarsa, yana da wurin kwanansa kusa da ƙofar gida, kuma babu yaron da ya isa ya jefe shi a gaban tsohon. Al'adar da na gada ke nan: a san matsayin kare, a ajiye shi a matsayin, a kuma ba shi haƙƙinsa.

Wannan tsari ba daga kan kakanka ya faro ba. Hadisi ya inganta cewa wanda ya riƙi kare, ban da na farauta ko na kiwo ko na tsaron shuka, ladan aikinsa yana raguwa da ƙiraɗi ɗaya a kowace rana, a wata ruwayar ƙiraɗi biyu, haka kuma ya inganta cewa Mala'iku ba sa shiga ɗakin da akwai kare. Ka ga ke nan an buɗe ƙofa ga mai buƙata, an rufe ta ga mai sha'awa kawai. Tsaron gida ba a ambace shi da suna ba, shi ya sa malamai suka yi saɓani a kansa, amma da yawa daga cikinsu sun yi ƙiyasinsa da tsaron dabbobi da na gona, tun da ran mutum da iyalinsa bai gaza garken tumaki daraja ba. Malamanmu na Malikiyya suna kawo labarin Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, mai littafin Risala da kuka karanta kuna yara, cewa katangar gidansa ta faɗi sai ya ajiye kare, da aka tuna masa cewa Imamu Malik ya ƙi hakan, sai ya amsa da cewa da Malik ya riski wannan zamani, da zaki ma zai ajiye. Idan dalilinka gadi ne da gaske, ban ga abin zargi ba. Kwana a ɗakin yara kuwa, ka rufe wannan magana tun yanzu, ko da za su yi kukan mako guda, domin addini bai so ba, kuma kamar yadda za ka ji nan gaba, hankali ma bai so ba.

Batun tsarki shi ne ya fi damun mahaifiyarka, kuma yana da kyau ka san shi da kyau kafin ka je gabanta. An yi umarni cewa idan kare ya yi lallagi a ƙwarya, a wanke ta sau 7. Imamu Shafi'i ya fahimci cewa dalilin najasa ce mai kauri, sai an haɗa da ƙasa a ɗaya daga cikin wankin, alhali a mazhabar Malik kare mai rai tsarkakakke ne, shi da yawunsa, wankin kuma bin umarni ne na ibada. Ma'ana, idan ya goga jikinsa a rigarka, ba a ce sallarka ta ɓaci ba. Duk da haka ni dai ba na son kowa ya fake da wannan sauƙi ya bar kare yana lasar fuskar yaro. Ka ware masa kaskonsa na ci da na sha, a wanke su a wani wuri daban da inda ake wanke-wanke, kuma kwanon mutane ya zauna inda bakinsa ba zai kai ba. Idan ka yi haka, mahaifiyarka ba ta da hujjar ƙin ruwan gidanka.

Amma ka sani, ranar da ka ɗauko shi ka ɗauko amana. Alƙur'ani ya ambaci karen Ashabul Kahfi yana shimfiɗe da ƙafafunsa na gaba a bakin kogo, kuma an ba mu labarin mutumin da Allah Ya gafarta masa saboda ya sauka rijiya ya cika huffinsa da ruwa ya shayar da kare mai lallage saboda ƙishirwa. Kare yakan rayu shekara 10 zuwa 13, wato babbar 'yarka za ta zama budurwa yana nan. Wanda ya ɗaure shi a turke dare da rana, cikin rana da sanyi, ba ya fita ba ya ganin kowa, yana cewa wai so yake ya yi zafi, to ya zalunce shi, kuma ya ƙera wa 'ya'yansa makami, domin karen da ya tashi a sarƙa ba ya bambanta ɓarawo da ɗan gida.

Bari in ba ka labarin wautar da na yi da hannuna, domin ita ce ta fi koya mini. Lokacin da ɗan'uwanka babba yana tatata, ina da wani jan kare mai haƙuri wanda ban taɓa jin ya ɗaga wa ɗan gida murya ba. Wata rana da la'asar yana kwance ƙarƙashin benci yana gwagwiyar ƙashi, sai yaron ya tako ya durƙusa ya miƙa hannu. Ina kallo daga inda nake alwala. Karen ya daina tauna, jikinsa ya sandare, ya kawar da kai gefe har ina ganin farin idonsa, sannan ya yi wani gurnani ƙasa-ƙasa. Na tashi da buta a hannu, na ɗauki sanda na yi masa dukan da har yau nake kunyar tunawa, ina ganin na koya masa ladabi. Bayan kamar wata biyu abin ya sake faruwa, sai dai a wannan karon babu gurnani, kai tsaye ya kai cafka, Allah Ya taƙaita haƙoransa suka tsaya a hannun riga. Sai daga baya na gane cewa gurnanin nan shi ne sallamarsa, shi ne yadda yake cewa a janye yaron, ni kuma na doke shi a kan ya yi gargaɗi, sai ya koyi daina gargaɗin. Laifin nawa ne tun farko, da na bar mai tatata ya kusanci dabbar da ke cin abinci.

Saboda haka ka koyi karanta jikinsa, ka kuma koya wa maiɗakinka. Idan yana hamma alhali ba barci yake ji ba, ko yana lasar leɓe, ko ya kwantar da kunnuwa, ko ya tashi ya bar wurin, to ya gaji, a ƙyale shi. Kaɗa wutsiya ma ba kullum take nufin murna ba, musamman idan jikin a sandare yake. Mafi yawan yaran da kare yake ciza, karen da suka sani ne, na gida ko na maƙwabta, kuma saboda tsayinsu daidai yake da bakinsa, cizon yakan sauka a fuska ko a wuya. Doka ɗaya ce ba na so ka sassauta ko da minti ɗaya: kada a bar ƙaramin yaro da kare su kaɗai, komai haƙurin karen. Idan uwar za ta shiga wanka ko ta kai wa maƙwabciya saƙo, ko dai ta tafi da yaron ko ta rufe ƙofa tsakaninsu. Sabo turken wawa ne, kuma yawancin tsautsayi a ranar da aka ce ai sun saba yake zuwa.

Babbar 'yarka ta kai shekarun da za ta riƙe ƙa'ida idan an maimaita mata: ba a taɓa shi yana ci ko yana barci, ba a jan wutsiyarsa ko kunnensa, ba a hawansa kamar jaki, ba a rungumar wuyansa, kuma idan baƙon kare ya nufo ta, ta tsaya cak ta haɗe hannayenta, kada ta ruga, domin gudu yana tayar masa da halin farauta. Ka bar ta ta riƙa zuba masa ruwa kana tsaye, za ta ji daɗi kuma za ta koyi tausayin abin da ba ya magana. Ƙaramin kuwa bai san ƙa'ida ba tukuna, idonku ne ƙa'idarsa. Kada kuma ka yarda da maganar cewa kare na yara ne. Mai shekara 5 ba ta ɗaukar amana, kai da ka kawo shi kai ne mai shi.

Shi ma kwikwiyon icce ne, tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Watanni ukun farko na rayuwarsa su ne lokacin da yake sabawa da duniya, abin da ya gani cikin lumana a wannan tsakani ba ya cika tsoronsa daga baya. Ka bar shi ya ji kukan jariri, ya ga baƙi suna shigowa da sallama, ya saba da a taɓa ƙafarsa da kunnensa. Idan ya ciji hannu cikin wasa, a janye hannun a daina wasan nan take, kowa a gidan ya yi haka, ba wani ya hana wani ya yi dariya ba.

Yanzu ga abin da ya fi kowanne nauyi, wato ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa yana kashe mutane kimanin 59,000 a shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta hanyar cizon kare, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Cutar tana iya ɓuya a jiki wata biyu ko uku, wani lokaci fiye, amma da zarar alamunta sun bayyana, da wuya a tsira. Abin takaicin shi ne rigakafinta ya daɗe a duniya, tun shekarar 1885 da Louis Pasteur na Faransa ya yi wa wani yaro ɗan shekara 9 allura bayan mahaukacin kare ya cije shi, yaron kuma ya rayu. Ka kai kwikwiyon wurin likitan dabbobi a yi masa allurar da ya cika wata 3, ka riƙe katin, ka koma duk lokacin da aka rubuta maka. Idan kuwa, Allah Ya kiyaye, kare ya ciji yaro ko ya yakushe shi, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15 cur, da agogo a hannu, domin minti 15 yana da tsawo idan yaro yana tsala ihu, sannan a garzaya asibiti a ranar, ko da ciwon bai fi ƙwarzane ba. Kada a tsaya shafe-shafe ko jiran a ga abin da zai faru. Kuma ka gaya wa yaran cewa duk wanda kare ya taɓa da haƙori ya faɗa, ba za a doke shi ba, domin yaro yakan ɓoye cizo saboda tsoron faɗa, ɓoyewar nan kuwa ita ce take kisa.

Sauran kula ba su da wuya. A ba shi maganin tsutsar ciki a kan kari, a duba jikinsa saboda kaska da ƙuma, a kwashe kashinsa kullum kafin yara su fito, tun da ƙwayayen tsutsa a ƙasa suke zama kuma mai rarrafe komai ya samu baki yake kaiwa, a kuma wanke hannun yara da sabulu bayan sun taɓa shi.

Akwai abin da ban gani a saƙonka ba, kuma shi nake so ka fara gyarawa: ba ka gaya mini ra'ayin surukata ba. Kai ne mai tafiya, ita ce mai wuni da yara uku, kuma duk wannan tsaron ƙofa da sharar da na lissafa a kanta za su sauka. Ka zauna da ita ka tambaye ta tsakani da Allah. Idan ta ce ba za ta iya ba, ka nema wa kwikwiyon gidan da za a riƙe shi da kyau tun yana ƙarami, kada ka kai shi wani wuri ka yar.

Game da mahaifiyarka kuma, kada ka je mata da hujjojin mazhaba kamar mai neman kayar da ita. Ka fara gina wa karen wurinsa, ka yi masa allura, sannan ka ɗauko ta ta zo ta gani da idonta inda yake kwana da inda kwanukanku suke. Ni ma zan kira ta ranar Juma'a in tuna mata da ƙashin da take ɓoyewa a zani. Ka gaishe mini da surukata, ka shafa mini kan jikokina.

Kawunka.