Kyamarar Aljihu: Mai Dogon Zum Ko Mai Babban Sensa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Unguwar Sarki, Kaduna. Ina son sayen ƙaramar kyamara wadda za ta shige aljihun kaftani, saboda hotunan iyali: biki, suna, walimar sauka, da kuma hawan Sallah idan mun je gida Zariya. Wani mai shago ya nuna mini guda biyu na hannu, duka na Canon, SX740 HS da G7 X Mark II. Ya ce megafiksel ɗinsu ɗaya ne, amma ta farkon tana jawo abu har sau 40, ta biyun kuwa sau 4 kacal, ga shi kuma ta fi tsada. Ina dalilin tsadar? Wacce zan ɗauka?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam. Mai shagon bai yi maka ƙarya ba. Kowacce tana da megafiksel 20, nauyinsu ma kusan ɗaya, wajen giram 300. Abin da bai gaya maka ba yana can ciki, bayan gilashi, wato sensa, ɗan farantin da haske ke sauka a kansa ya zama hoto.

Sensan SX740 milimita 6.2 ne a tsawo, 4.6 a faɗi, bai kai farcen ƙaramin yatsanka ba. Na G7 X kuwa milimita 13.2 da 8.8 ne, shi ake kira "inci ɗaya", ko da yake bai kai inci ba ta kowace fuska, sunan gado ne daga tsofaffin kyamarorin talabijin masu kwalba. Idan ka auna filin kowanne, na G7 X ya ninka ɗayan sau huɗu. Megafiksel 20 na nufin ƙananan gidajen tara haske miliyan 20 a kan sensa. Ka ga kenan an raba gida miliyan 20 a fili biyu, ɗaya gona ɗaya fuloti. Kowane gida a babban filin ya fi samun haske, kuma hoto ba komai ba ne sai hasken da aka tara.

Sai kuma ƙofar da hasken ke shigowa. Duba bakin gilashin, za ka ga lambobi. A G7 X an rubuta 1.8 zuwa 2.8, a SX740 kuma 3.3 zuwa 6.9. Nan mutane ke ruɗewa, domin ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Ƙofar 1.8 tana shigo da haske fiye da ninki uku na 3.3. Haɗa wannan da girman sensa, sai ka tarar G7 X na iya tara haske sama da ninki goma na abokiyarta a cikin ɗaki guda, a lokaci guda. Kuɗin da ka ga ya ɗara, na wannan ne.

Da rana tsaka a Dandalin Murtala ba lalle ka ga bambancin ba, rana ta wadatar da kowa. Amma yawancin abin da ka lissafa ba a rana ake yin sa ba. Suna a falo ne, walima a ƙarƙashin rumfa, dina kuwa da dare a zauren biki mai fitilu kala-kala, wani lokaci ma an ɗauke wuta ana jiran a ta da janareta. A irin wannan wuri mai ƙaramin sensa dole ta ɗaga ISO, wato ta ƙara wa ɗan hasken da ta samu ƙarfi, sai fuska ta fito da yashi-yashi, kyamarar ta yi ƙoƙarin gogewa, ta shafe har da aikin da ke wuyan riga da zanen lallen amarya. Ko kuma ta ja lokaci kafin ta rufe ido, yaro ya motsa, hoto ya yi dishi-dishi. Na sha ganin mutum ya sayi irin wannan ya dawo yana cewa wayarsa ta fi ta da dare. Kuma gaskiyarsa ne, domin wayoyin yanzu suna ɗaukar hotuna da yawa a ƙiftawar ido su haɗe su wuri ɗaya, abin da waɗannan kyamarori ba su ƙware a kai ba.

Hawan Sallah ne kawai inda SX740 za ta yi maka abin da ɗayar ba za ta iya ba. Kana can bayan jama'a, dawakai na ƙofar fada, ita za ta kawo maka rawanin mahayi har gabanka. A ma'aunin zum, wato ƙarfin jawo abu kusa, G7 X tana tsayawa ne a milimita 100, SX740 kuwa tana kaiwa 960. Sai dai idan ka jawo har ƙarshe, ƙofar ta tsuke zuwa 6.9, ɗan rawar hannu ya zama girgiza, ƙurar da dawakai suka tayar kuma duk tana tsakaninka da abin da kake ɗauka. SX740 tana kuma ɗaukar bidiyon 4K, wato mai kaifin hoto sosai, wanda G7 X Mark II ba ta yi.

Me ya hana a haɗa duka a kyamara ɗaya? Aljihunka ne ya hana. Babban sensa yana buƙatar babban gilashi, dogon zum kuma ya ƙara masa tsawo, sai kyamara ta koma ta rataye a wuya. Masu ƙerawa sun gwada sasantawa. Sony, wadda ta fara sa sensan inci ɗaya a kyamarar aljihu da RX100 a 2012, ta fitar da RX100 VI a 2018 mai kaiwa milimita 200, amma ƙofarta ta koma 2.8 zuwa 4.5. Ricoh kuma ta bi ta ɗaya gefen: GR III ta 2019 tana da sensan da ya ninka inci ɗaya sau uku, nauyinta giram 257, amma ba ta da zum ko kaɗan, ƙafarka ce zum ɗin. Ni ina son ta, sai dai ba zan ba mai zuwa kallon hawa shawararta ba.

Da ni ne kai, G7 X zan ɗauka. Hawa sau biyu ne a shekara, hidimar cikin gida kuwa kusan kowane mako. Idan kuɗi sun kai kuma ka samu RX100 VI ko VII mai lafiya, ita ce ta fi kusa da biyan buƙatun biyu.

Akwai kuma maganar ƙura, wadda duk mai kyamara a Kaduna ya san ta. Gilashin waɗannan kyamarori yana fita yana komawa duk lokacin da ka kunna ko ka kashe, yana zuƙar iska kamar zugazugi. Da hunturu, ko a aljihun da ke da ɓurɓushin zare, ƙurar takan shige ta zauna a kan sensa, kuma ba a cire gilashin balle ka goge, sai an kwance ta gaba ɗaya. Na taɓa asarar wata haka a hunturu ɗaya, don ina jefa ta aljihu tsirara. Ka saya mata ɗan jaka mai zif, ko da zai sa aljihun ya ɗan yi tudu.

Tunda ta hannu ce, kada ka biya sai ka gwada ta a shagon. Kunna ka kashe sau da yawa, ka saurara ko gilashin na ƙara ko yana sarƙewa. Sa ƙofar haske a lamba mafi girma, ka jawo zum, ka ɗauki farin bango ko sararin sama, sannan ka faɗaɗa hoton a allo. Idan ka ga baƙin ɗigo yana zaune wuri ɗaya a kowane hoto, ƙura ce a ciki, a rage maka kuɗi ko ka bar ta. Ka haɗa da batir na biyu, domin irin waɗannan hoto 200 zuwa 300 suke yi kafin caji ya ƙare, wuni ɗaya na biki ya isa ya cinye shi. In za ka tura wa dangi ta WhatsApp kuma, ka tura a matsayin fayil, in ba haka ba zai matse hoton ya zubar da kyan da ka biya kuɗi dominsa.