Zanen bangon otel: nawa zan faɗa wa mai aiki?

Wani mai zane ya aiko mana da tambaya daga Yamai: "Ina zana kogi da tuddan rairayi da itatuwa a bangon gidajen abinci da makarantu. Yanzu wani mai otel a unguwar Plateau yana so in cika masa bangon tsakar gida, tsawonsa mita 12, tsayinsa mita 3. Kullum in na gama aiki sai in tarar kuɗin sun ƙare a fenti da yara. Nawa zan ce masa?"

Ƙanena, kada ka faɗa masa komai tukuna. Abin da ke cinye ka shi ne yanke farashi a tsaye, mai gida yana kallonka, kai kuma kana jin nauyin ka ce sai ka yi lissafi. Ka ce masa ka auna, za ka kawo takarda jibi. Mai otel ya saba karɓar irin wannan takarda daga magina da masu wuta, ba zai ga laifinka ba.

Bangon nan murabba'in mita 36 ne. Litar fenti ɗaya tana rufe kamar mita 10 a shafi ɗaya in bangon sumul ne, in mai kaushi ne ya fi haka sha. Shafin ƙasa ɗaya da shafi biyu na fage kaɗai za su ci kusan lita 11, ba ka ma fara zana gizagizai ba. Ka je kasuwar Katako da kanka ka tambayo kuɗin kowace gwangwani a ranar, ka rubuta. Ka haɗa da burushi, da takardar gurza bango, da hayar ƙarafunan hawa, da kuɗin ɗauko kaya, da ladan yara da abincinsu na kowace rana. Wannan duka kuɗin kaya ne, kwabo ɗaya a ciki ba naka ba ne.

Naka yana zuwa a layi na biyu, kuma nan ne masu zane suke zaluntar kansu. Ka ƙidaya kwanakin da aikin zai ci na gaskiya, har da kwanan da za ka ɓata kana zana samfuri a takarda. Ka tuna a watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, fenti yana bushewa a bakin burushi kafin ka haɗa launi da launi, don haka aikinka daga asuba ne zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar. Da hunturu ƙura tana manne wa ɗanyen fenti, da damina hadari ɗaya ya tashe ka wuni guda. Ka ninka kwanakin da abin da ya kamata gwani ya samu a wuni, ka ɗora ribar sana'a a kai, sannan ka raba jimlar da 36. Abin da ya fita shi ne farashinka na mita, kuma da shi za ka riƙa magana daga yau. Sararin sama da rairayi ba su kai kwale-kwale da masunta a ƙarƙashin gadar Kennedy cin lokaci ba, saboda haka ka riƙe farashi biyu, na fili da na wuri mai ƙananan abubuwa.

Kafin ka sa hannu ka duba bangon sosai. Ka goga tafin hannunka, in ya fito da farin gari, tsohon fentin ya mutu, sai an kankare. In ka ga farin gishiri yana tsatsafowa daga ƙasan bango, akwai laima, kuma zanenka zai ɓare ko da fentin Faransa ka yi shi. Sabon shafen siminti yana son kamar mako 4 kafin ya karɓi fenti. Gyaran bango aikin mai gida ne, ko kuma ya biya shi daban. Na fi damuwa da wannan a kan komai, domin ranar da zane ya fara ɓarewa ba wanda zai tuna da magini, sunanka ne a kusurwar bangon.

Maganar biya kuwa, ina ba ka shawarar kashi uku: rabi kafin alƙalami, kashi 30 cikin ɗari in an kai tsakiya, sauran ranar miƙa aiki. Kada ka sayi gwangwani ko ɗaya da kuɗin aljihunka, tela ma ba ya saya wa mutum yadi bashi. In mai otel ya turo kuɗin ta kamfanin aika kuɗi na Nita ko Amana ka adana takardar.

Samfurin nan na takarda, mai otel ya sa hannu a kansa. A nan ne za ka ji ko yana son raƙuman dawa na Kure ko a'a, don akwai masu gida da yawa da ba sa son hoton mai rai a bangonsu, gara ka sani tun kafin ka hau sama. Ku rubuta cewa canji biyu kyauta ne a takarda, bayan an fara bango kowane canji da kuɗinsa. Ku rubuta kuma cewa kana da izinin ɗaukar hoton aikin ka nuna wa wasu.

Otel da kamfanoni galibi ba sa fitar da kuɗi sai da takardar biya mai ɗauke da lambar NIF, wato lambar shaidar mai biyan haraji. In ba ka da ita, ka je Maison de l'Entreprise, ofishin rajistar kamfanoni, ka yi rajista a makon nan, kafin ka kai masa lissafin.