Amsa ga mai tambayar AS da AS: in muka tsaya a yara uku fa?

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Ka ce genotype ɗinka, wato nau'in jinin da mutum ke gada daga iyayensa, AS ne, wadda kake nema ma AS, kuma an faɗa maka cikin yara huɗu ɗaya ne kawai ke zuwa da sikila, shi ne kake tunanin ku haifi uku ku tsaya. Ni aikin lab nake yi, kuma wallahi lissafin nan ya jefa gidaje da yawa cikin wahala.

Ɗaya cikin huɗun nan a kowane ciki ne ake sabon lale. Kai za ka ba da A (mai lafiya) ko S (na sikila), ita ma haka, to kowane ciki 25% AA, 50% AS, 25% SS, wato mai sikila, kuma cikin yau bai san abin da ya faru a na bara ba, kamar wurga kwandala ne, don kai ya fito sau biyu ba dole na uku ya canza ba. In ka lissafa yara uku, yiwuwar duk su tsira 27 cikin 64 ce, wajen 42%, wato 58% aƙalla ɗaya zai zo SS. Na ga gidan da ɗan fari da mai bi masa duk SS ne, na kuma ga masu yara biyar ba ko ɗaya, kuma irin waɗannan ake ta kafa hujja da su a majalisa.

Abin mamaki matsalar 'yar mitsitsiya ce, a sinadarin himogulobin mai ɗaukar iskar oksijin, cikin ƙananan tubala 146 (amino asid) da suka haɗa wani sashensa da ake kira sarƙar beta, na shida kaɗai ya canza. Amma da oksijin ya yi ƙasa sai ƙwayar jinin ta lanƙwashe ta taurare ta toshe ƙananan jijiyoyi, maimakon ta yi kwana 120 sai ta mutu cikin 10 zuwa 20. Shi ya sa za ka ga uwa ƙarfe biyun dare ta rungumo jariri hannu da ƙafa sun kumbura, ido ya yi ɗorawa, uban na waje yana ta buga waya neman mai ba da jini.

Ku sake gwajin genotype a wuri biyu daban, don ana samun kuskure, kuma kar a gwada wanda aka yi wa ƙarin jini cikin wata uku, don jinin da aka ƙara masa zai rikita sakamakon. Kar a rikita shi da rukunin jini, O+ daban genotype daban. AS da AC (mai ɗauke da C maimakon S) ma ba a tsira ba, suna iya haifar SC, wanda shi ma wani nau'in sikila ne. A Kano ma tun 2024 doka ta wajabta gwajin kafin aure, to ku yi shi tun manya ba su shiga maganar ba, kafin a kai kuɗin gaisuwa.