Takardar Tarar Fakin a Ingila: Ta Kansil Daban, Ta Kamfani Daban

Tambaya: Na ajiye mota a filin wani babban kanti a Leicester, na wuce lokaci da minti 25. Bayan kwana 9 sai ga wasiƙa wai in biya fam 100. Wani abokina ya ce in yaga ta, ba ta gwamnati ba ce. Gaskiya ne?

Amsa: Malam, kada ka yaga. Takardun iri biyu ne, kuma duk gajeren suna ɗaya, PCN, ake rubuta musu, shi ya sa ake ruɗewa. Ta kansil, wato ƙaramar hukuma, tara ce ta doka. Taka kuwa ta kamfani ce, kuɗin saɓa sharaɗin da ke allon filin. Shawarar abokinka ta tsufa: tun dokar 2012, a Ingila da Wales kamfani na iya bin mai rajistar mota idan ba a faɗi direba ba, kuma a 2015 kotun ƙoli ta halatta cajin fam 85 a shari'ar wani direba mai suna Beavis. In ka share, suna iya kai ka kotu, hukuncin da ba ka biya cikin wata guda ba kuma zai zauna a tarihin bashinka shekara 6, ya dame maka neman haya ko rance.

Fara da kwanan wata. Idan kyamara ce ta ɗauki lambarka, dole wasiƙar ta iso cikin kwana 14, in ba haka ba ba su da ikon ɗora wa mai rajista. Taka ta zo kan lokaci. Sai ka koma ka ɗauki hoton allunan: ƙanana ne, bishiya ta rufe su, ko babu haske? Ka kuma kai rasit ɗinka wurin manajan kantin, sau da yawa shi ke sa a soke. Ƙorafi ga kamfanin kwana 28 gare ka. In sun ƙi, sai ka ɗaukaka ƙara zuwa POPLA ko IAS, masu sauraron ƙorafi kan kamfanonin fakin, gwargwadon ƙungiyar da kamfanin yake ciki, kyauta ne. Amma ka sani, in ba ka yi nasara a can ba, ragin da ake yi wa mai biya cikin kwana 14 ya tafi.

Tambaya: Ni ta kansil na tarar a gilashi a Landan, alhali injin biyan kuɗi ya lalace. In biya tukun sannan in yi ƙorafi?

Amsa: A'a Hajiya, biya tamkar amsa laifi ne, ana rufe maganar. Rubuta ƙorafi cikin kwana 14 tare da hoton injin, galibi za su riƙe miki ragin rabin kuɗi in sun ƙi. Sai dai idan allon ya nuna ana iya biya ta waya, hujjarki ta yi rauni. Bayan nan za a aiko wa mai motar sanarwa, da kwana 28 na ƙorafi a hukumance, sannan London Tribunals, masu sauraron ɗaukaka ƙara kan irin wannan tara a Landan. Shiru shi ne mai tsada: tarar ta ƙaru da rabi, daga baya masu ƙwace kaya su buga ƙofa.