Tambaya da Amsa: Kunkurun Zamanin Dainoso

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shin akwai kunkuru a zamanin dainoso, kuma a ina suka zauna? Daga wani ɗalibi a Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam. Akwai, kuma tun farkon zamanin suke tare. Odontochelys da aka tono a lardin Guizhou na ƙasar Sin, aka bayyana shi a 2008, ya rayu kimanin shekara miliyan 220 da suka wuce. Yana da haƙora, ƙoƙon cikinsa ya cika, amma na baya bai haɗe ba, haƙarƙari ne kawai masu faɗi. Proganochelys na Jamus, mai shekara miliyan 210, ƙoƙonsa ya kammala, sai dai ba ya iya shigar da kansa ciki.

Daga baya zuriyar ta rabu biyu, kuma a wuya ake gane su. Cryptodira suna janye kai kai-tsaye cikin ƙoƙo, sun fi yawa a arewacin duniya. A cikinsu ake lissafa Archelon na teku da aka samu a jihar Dakota ta Kudu a Amurka, tsawonsa ya haura mita 4. Pleurodira kuwa gefe suke lanƙwasa wuya, kuma kudu ce matattararsu: Afirka, Amurka ta Kudu, Indiya da Madagaska. Ɗan kunkurun da kake gani a kududdufi da damina, Pelomedusa, daga gidan nan ya fito.

Kuma ɗalibi, ba sai ka je nesa ba. A Gadufawa, cikin Tenere a jihar Agadas, inda aka tono dainoson nan Nigersaurus da ƙaton kadan nan Sarcosuchus, duwatsu masu shekara kusan miliyan 110 sun ba da kunkurun kogi Taquetochelys, wanda aka yi wa suna a 1980. Ɗan'uwansa na kusa, Araripemys, a arewa maso gabashin Barazil yake. Me ya raba 'yan gida ɗaya haka? A lokacin Afirka da Amurka ta Kudu ba su daɗe da fara tsagewa ba, tekun Atlantika bai buɗe sosai ba. A ganinmu wannan ne babban amfanin ƙoƙon kunkuru ga mai bincike: yana nuna inda ƙasa ta taɓa haɗuwa.

Can wajen shekara miliyan 70 da suka wuce, wani reshen teku ya malale yankin Sakkwato. Daga duwatsun Dukamaje aka samu Sokotochelys, daga Nijar kuma Nigeremys. Danginsu, Bothremydidae, da yawansu mazauna gaɓar teku ne, shi ya sa suka bi gaɓa har Turai da Amurka ta Arewa.

Tambaya: Malam, in mutum ya ga ɓallin ƙashi a dutse, yaya zai gane na kunkuru ne, kuma yaya ake ɗaukarsa? Daga wata malamar makaranta a Wurno.

Amsa: Malama, fara duba fuskar ɓallin. Na kunkuru shimfiɗaɗɗe ne, da siraran layuka kamar an ja da tsinke, gurbin da farantan saman ƙoƙo suka zauna ke nan. Gefensa na da tsaga kamar haƙoran zarto. Idan kika ga ramuka masu zurfi kamar saƙar zuma, yawanci sulken kada ne, kuma nan mutane suka fi ruɗewa. Juya shi: ƙashin gefen baya yana da tudun haƙarƙari a ciki. Cikakken ƙoƙon baya yakan sami irin waɗannan guda 8 a kowane ɓangare, da ƙananan ƙasusuwan baki 11. Ƙoƙon ciki yawanci ƙashi 9 ne. Idan akwai tabon da ƙashin ƙugu ya manne a ƙarshensa, to mai lanƙwasa wuya gefe ne.

Kada a finciko shi. Ƙoƙon da aka tsince ɓalli-ɓalli da wuya ya sake haɗuwa, kuma ƙashin da ba a san inda ya fito ba ya rasa rabin darajarsa. A ɗauki hoto da rula a gefe, a rubuta wurin da GPS, a sanar da gidan tarihi ko sashen nazarin ƙasa na jami'a, domin tono yana buƙatar izinin hukuma.

Masu aikin sukan share da burushi, su ɗiga Paraloid B-72, wani maganin ƙarfafa ƙashi, kimanin giram 5 cikin mililita 100 na asiton, ruwan da ke narkar da shi, ya ratsa ƙashin ya bushe. Sai su haƙa rami kewaye, su rufe ƙashin da takarda mai laima, su naɗe da yankakken buhun algarara da aka tsoma a filasta (farin garin da ake kwaɓawa ya daskare), ninki 3 ko 4. In an manta takardar, filasta ta kama ƙashin. In ƙashin na da danshi, maganin ya yi fari bai shiga ba. Gam ɗin kafinta kuma ba ya cirewa cikin sauƙi idan an haɗa ba daidai ba. Kada kuma a wanke da ruwa, musamman na Dukamaje: lakar wurin tana kumbura in ta jiƙe, tana kuma ɗauke da ma'adinin jifsam, sai ƙashin ya tsattsage.